Azabtar da Fursunonin Yaƙi da Hujjar Larura: Nazari a kan Abin da Ya Faru a Birnin Aljiyas a 1957

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki hujja mafi ƙarfi da ake kafawa domin halatta azabtar da wanda aka kama a lokacin yaƙi, wato hujjar larura, ta auna ta da abin da ya wakana a birnin Aljiyas a shekarar 1957, lokacin da hukumar Faransa ta sakar wa sojojinta mara su yi aiki da ita. An kuma waiwayi tanadin dokokin ƙasa da ƙasa da saɓanin malaman fiƙihu a kan dukan wanda ake tuhuma. Maƙalar ta nuna cewa hujjar tana tsayuwa ne a kan yaƙinin da mai azabtarwa ba ya samu kafin ya fara azabtarwar, kuma wannan giɓi shi ke mayar da mutum ɗaya da ake zance a kansa ya zama dubbai.

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Nuwamban 1956, 'yan sandan Faransa a birnin Aljiyas suka kama wani ma'aikacin masana'antar iskar gas ta unguwar Hamma mai suna Fernand Iveton. Bature ne haifaffen Aljeriya, ɗan kwaminis, mai goyon bayan masu fafutukar neman 'yanci. An gano bam ɗin da ya ɓoye a masana'antar tun kafin ya tashi, amma wata takarda da aka samu a jikinsa ta sa aka yi zaton akwai na biyu. Tashin bam a irin wannan wuri na iya cinye unguwa guda. Sai aka garzaya wajen Paul Teitgen, babban sakatare mai kula da al'amuran 'yan sanda a birnin, ana neman izininsa a gana wa Iveton azaba har ya faɗi inda ɗayan yake. Teitgen mutum ne da ya san azaba a jikinsa, domin 'yan sandan ciki na Nazi sun azabtar da shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kafin a tura shi sansanin Dachau. Ya ƙi ba da izini. Daga baya ya shaida wa masanin tarihi Alistair Horne cewa ya wuni jikinsa na rawa, yana jiran ƙarar da za ta tabbatar masa ya yi kuskure. Babu bam na biyu da ya tashi a masana'antar.

Masu adawa da azabtarwa sukan kawo wannan labari su tsaya a nan, alhali yana da saura. Iveton ya bayyana a gaban kotu cewa duk da hanin Teitgen, 'yan sanda sun azabtar da shi. An yanke masa hukuncin kisa, aka kuma zartar a ranar 11 ga Fabrairun 1957, ko da yake bam ɗinsa bai kashe kowa ba. Haka nan rashin tashin bam na biyu ba ya cikin abin da Teitgen ya sani lokacin da ya yanke shawara. Da ya tashi, da tambayar tana nan daram: shin akwai halin da zai sa azabtar da kamamme ta zama daidai?

2.0 Abin da Doka Ta Tanada

A Hausa kalmomin horo da uƙuba da gallazawa da azaba sukan shiga hurumin juna, amma a fagen doka azabtarwa tana da iyaka sananniya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Hana Azabtarwa, wadda aka amince da ita a ranar 10 ga Disamban 1984, ta bayyana ta da cewa jawo wa mutum matsanancin ciwo ne, na jiki ko na zuciya, da gangan, domin a tatsi bayani daga gare shi, ko a sa shi ya amsa laifi, ko a hukunta shi, ko a tsorata shi, kuma jami'in hukuma ne ya aikata ko aka aikata da yardarsa. Sashe na 2 ya toshe duk wata ƙofa: yaƙi ko barazanar yaƙi ko rikicin cikin gida ko dokar ta-ɓaci, babu wanda zai zama hujja, kuma umarnin na gaba ba ya wanke na ƙasa. Sashe na 15 ya hana kotu karɓar maganar da aka samu ta wannan hanya.

Tun kafin wannan, Yarjejeniyar Jeniba ta Uku ta 12 ga Agustan 1949 ta yi bayani a kan fursunan yaƙi musamman. Sashe na 17 ya ce abin da ya wajaba a kansa ya faɗa shi ne sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Ana iya yi masa tambaya a kan komai, amma ba a tilasta shi, ba a yi masa barazana, ba a kuma tauye masa wani haƙƙi don ya yi shiru. Hikimar wannan a bayyane take. Sojan da ya ɓoye sirrin rundunarsa bai yi laifi ba, aikinsa ya yi, kuma ƙasar da ta kama shi tana sa ran nata sojojin za su yi haka idan suka faɗa hannun abokan gaba.

Sai dai gwamnatocin da suka azabtar da kamammu ba safai suke musun wannan doka ba. Abin da suke musu shi ne sunan yaƙin da sunan kamammen. Faransa ta rattaba hannu a kan yarjejeniyoyin Jeniba, ta kuma tabbatar da su a 1951, amma ta dage cewa Aljeriya yanki ne na ƙasarta, saboda haka abin da ke gudana a can aikin tabbatar da doka da oda ne, waɗanda aka kama kuwa 'yan tawaye ne da masu laifi. Majalisar dokokin Faransa ba ta amince da kalmar yaƙi a hukumance ba sai a 1999, shekara 37 bayan an ajiye makamai. Wannan dabara ba ta da madogara ko a lokacin, domin Sashe na 3 da ke cikin dukkan yarjejeniyoyin Jeniba huɗu ya hana azabtar da duk wanda aka kama a rikicin cikin gida, ko da wane suna aka kira shi. Don haka a wannan maƙala an yi amfani da kalmar fursuna a faffaɗar ma'anarta, wato duk wanda ke tsare a hannun ɓangare ɗaya saboda yaƙin.

3.0 Hujjar Larura

Hujjojin da ake kawowa suna da yawa, amma galibinsu ba sa jure bincike. Ramuwar gayya, ko cewa abokan gaba su ma suna yi, ba ta bayyana dalilin da zai sa wannan kamamme ya biya bashin abin da wani ya aikata. Tsoratar da jama'a kuwa ita ce ainihin abin da ake zargin 'yan ta'adda da shi. Wadda ta rage, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce hujjar bam mai jiran lokaci. An dasa bam a cikin gari, an kama wanda ya dasa, lokaci na ƙurewa, ya ƙi magana, babu wata hanya. Wahalar mutum ɗaya mai laifi ta sa'a guda, a auna ta da rayukan ɗaruruwan da ba su ji ba ba su gani ba. Mutum mai hankali da tausayi zai iya jin cewa ƙin taɓa wannan kamamme son kai ne, wato fifita tsabtar hannunsa a kan rayukan bayin Allah.

Manyan masana sun ɗauki hujjar da muhimmanci. Michael Walzer a 1973 ya yi bayanin shugaban da larura za ta sa ya ɓata hannunsa, amma ya wajaba ya san laifi ya yi, ya kuma ɗauki nauyinsa. Henry Shue a 1978 ya amince cewa a misalin da aka tsara sarai zai yi wuya a musa halaccin, sai dai ya yi gargaɗi cewa misalin ya yi nisa da abin da ke faruwa a zahiri. Alan Dershowitz a 2002 ya ba da shawarar cewa tunda za a yi ko an so ko an ƙi, gara alƙali ya riƙa ba da takardar izini domin a san wanda ya yi da dalilinsa. David Luban kuwa a 2005 ya nuna cewa misalin yana yaudarar mai sauraro ne ta hanyar ba shi a kyauta abubuwan da babu mai bincike da ya taɓa mallaka.

Waɗannan abubuwa su ne ginshiƙin maganar. Misalin ya ɗauka an tabbata akwai bam, an tabbata wannan mutum ne ya san inda yake, an tabbata azaba za ta sa ya faɗi gaskiya a kan lokaci maimakon ƙaryar da za ta ɓata lokacin, an kuma tabbata za a tsaya a kansa shi kaɗai. Idan aka cire yaƙini aka sa zato a gurbinsa, tambayar ta sauya gaba ɗaya. Ta koma: mutum nawa ya halatta a azabtar, alhali an san mafi yawansu ba su san komai ba, da fatan a dace da wanda ya sani? A Aljiyas an amsa wannan tambaya a aikace.

4.0 Aljiyas, 1957

Yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya fara ne a ranar 1 ga Nuwamban 1954 a ƙarƙashin ƙungiyar FLN. A watan Maris na 1956 majalisar dokokin Faransa ta ba gwamnatin Guy Mollet iko na musamman a kan Aljeriya. A cikin wannan shekara rikicin ya shigo babban birni. A watan Agusta wasu Turawa masu tsattsauran ra'ayi suka tayar da bam a cikin Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi, suka kashe mutane da dama. A ranar 30 ga Satumba FLN ta tayar da bama-bamai a wuraren shaƙatawa biyu na Turawa, inda aka kashe fararen hula aka kuma nakasa wasu, har da yara. Ke nan barazanar da Faransawa ke magana a kanta gaskiya ce, kuma duk nazarin da ya raina ta bai yi wa hujjar adalci ba. Idan akwai wurin da hujjar larura ta samu filin da ya dace da ita, to Aljiyas ne.

A ranar 7 ga Janairun 1957 aka miƙa wa Janar Jacques Massu da Runduna ta 10 ta sojojin lema ikon 'yan sanda a birnin. Suka kwashe kundayen 'yan sanda masu ɗauke da sunayen waɗanda ake zargi, suka killace Kasba, suka murƙushe yajin aikin kwana takwas da FLN ta kira daga 28 ga Janairu. Kamen dare ya zama ruwan dare. Ana kai mutane gidaje da barikokin da aka mayar wuraren tambaya, inda ake jona musu wutar lantarki daga ƙaramin janaretan rediyon soja, ana ɗura musu ruwa har numfashi ya kusa ɗaukewa, ana rataye su ta hannuwa. Kanar Roger Trinquier, ɗaya daga cikin masu tsara aikin, ya rubuta daga baya a 1961 cewa mai dasa bam soja ne da ya kauce wa haɗarin fagen fama, saboda haka ya kamata ya karɓi wahalar tambaya a madadinsa.

Abin lura shi ne yadda tsarin FLN da kansa ya rushe sharaɗin yaƙini. Ƙungiyar ta kasa mutanenta ƙananan rukunoni, kowa bai san kowa ba sai mutum biyu ko uku. Wanda aka kama kuma ya san idan ya daure na ɗan lokaci, abokansa za su sauya maɓoya. Saboda haka sojojin ba su tsaya neman mai bam ba, domin ba su san shi ba. Sun kama mai karɓar kuɗin gudummawa don ya faɗi wanda yake kai wa, sun kama mai shago don ya faɗi mai karɓa, sun kama maƙwabci don ya faɗi baƙon da ya gani. Kowane suna da ya fito daga bakin wanda ake azabtarwa ya zama sabon kamamme, ko da an faɗe shi ne don a samu sauƙi. Teitgen, wanda ofishinsa ke sa hannu a takardun tsarewa, ya ƙidaya kimanin takardu 24,000, ya kuma ce mutum 3,024 daga cikin waɗanda aka tsare sun ɓace babu labarinsu. Masana tarihi sun yi muhawara a kan waɗannan alƙaluma, amma babu mai cewa masu dasa bam a Aljiyas sun kai ko kusa da wannan adadi. Teitgen ya miƙa takardar murabus a watan Maris, yana mai cewa ya ga a jikin wasu tsararru irin tabon da shi kansa ya samu a hannun 'yan Nazi. Ya bar aikin a watan Satumba.

Ɓacewar mutane reshe ce ta azabtarwar kanta. Wanda aka lalata wa jiki ba ya kaiwuwa gaban alƙali, domin jikinsa shaida ne. Sakinsa kuma yana nufin an ƙara wa abokan gaba mayaƙi tare da danginsa. Sai kisa ya zama hanyar rufe kundi, har sojoji suka yi masa laƙabi da aikin ɗebo itace, domin akan fita da mutum daji a dawo a ce ya yi yunƙurin gudu. Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin jagororin FLN, an kama shi a watan Fabrairu, a farkon Maris aka sanar cewa ya rataye kansa. Lauya Ali Boumendjel aka ce ya faɗo daga bene a ranar 23 ga Maris. Maurice Audin, matashin malamin lissafi a Jami'ar Aljiyas mai shekara 25, an ɗauke shi daga gidansa a ranar 11 ga Yuni, aka ce ya tsere. Dukkan bayanan uku ƙarya ne, kuma hukumar Faransa ta amsa haka da bakinta bayan shekaru fiye da hamsin.

To, azabar ta yi aiki? Gaskiya ita ce ta samar da wasu sunaye da wasu maɓoya, kuma hare-hare sun ragu bayan watan Fabrairu. Amma a farkon watan Yuni, bayan wata biyar ana gallazawa, bama-bamai suka dawo, ciki har da wanda ya tashi a gidan rawa na bakin teku a ranar 9 ga wata. Abin da ya karya ƙungiyar a zagaye na biyu ya haɗa da lambobin da aka sa wa gidajen Kasba tare da naɗa mai ba da rahoto a kowane layi, da kuma tsofaffin 'yan FLN da Kyaftin Paul-Alain Léger ya juya suka koma yi wa Faransa leƙen asiri. Ta wannan hanya aka kai ga Yacef Saadi, shugaban FLN na birnin, a ranar 24 ga Satumba, aka kuma tarwatsa maɓoyar Ali la Pointe a ranar 8 ga Oktoba. Darius Rejali, a nazarinsa na 2007, ya jingina nasarar ga masu ba da rahoto fiye da ɗakunan azaba. Ana iya yi masa raddi cewa wasu daga cikin waɗanda aka juya tsoron azaba ne ya juya su, kuma raddin yana da ƙarfi. Sai dai ko an karɓe shi, abin da ya tabbatar shi ne amfanin tsorata al'umma baki ɗaya na tsawon watanni, wanda ya sha bamban da ceton rayuka daga bam guda a cikin sa'a guda. Hujjar da aka shiga da ita daban, aikin da aka yi daban. A gefe guda kuma akwai irin Henri Alleg, editan jarida da aka kama a gidan Audin, wanda ya shafe wata guda a hannunsu bai ba su abin da suke nema ba. Littafinsa La Question ya fito a Fabrairun 1958, aka sayar da dubban kwafi kafin gwamnati ta haramta shi.

Shaida mafi ƙarfi a kan rashin amincin maganar da azaba ta fitar ta zo ne daga ɓangaren FLN. Léger ya riƙa sakin wasu kamammu bayan ya cusa musu labarin cewa manyan mayaƙa da dama a duwatsu 'yan leƙen asirin Faransa ne. Labarin ya isa kunnen Kanar Amirouche, kwamandan yankin Kabiliya, a 1958. Ya sa aka kama waɗanda ake zargi aka azabtar da su, suka amsa laifin da ba su yi ba, suka ambaci wasu, waɗannan ma suka amsa suka ambaci wasu. Ɗaruruwan mayaƙa, a wani ƙiyasin dubbai, musamman ɗalibai da masu ilimi da suka shiga daji don kishin ƙasa, suka halaka a hannun 'yan'uwansu. Masu tambayar sun yi imani suna cikin larura, kuma kowace amsa da suka samu ta ƙara musu wannan imani. Azaba ba ta da ma'aunin da zai rarrabe mai gaskiya da mai neman a sassauta masa, abin da mai tambaya ya zo da shi a ransa shi take mayar masa.

Ribar da Faransa ta samu ba ta daɗe ba. Janar Jacques Pâris de Bollardière, wanda ya nemi a sauke shi daga muƙaminsa saboda ƙin wannan hanya, ya sha ɗaurin kwana 60, amma maganarsa ta fita. Rahoton Ƙungiyar Agaji ta Red Cross a kan wuraren tsarewa ya ɓulla a jaridar Le Monde a Janairun 1960. A Disamban wannan shekara jama'ar unguwannin da aka ce an tsarkake suka cika titunan Aljiyas da tutocin FLN. Sojojin da aka saba wa aiki a bayan doka kuwa ba su tsaya a kan Aljeriyawa ba: Massu ne ya shugabanci kwamitin da aka kafa a boren 13 ga Mayun 1958 wanda ya kai ga faɗuwar Jamhuriya ta Huɗu, kuma wata rundunar sojojin lema da ta yi aikin Aljiyas ita ce ƙashin bayan yunƙurin juyin mulkin janar-janar a Afrilun 1961. Aljeriya ta samu 'yanci a Yulin 1962.

5.0 Mahangar Fiƙihu

Aljeriya ƙasar Malikiyya ce kamar ƙasar Hausa, kuma matsalar ba baƙuwa ba ce a littattafan da malaman ɓangarorin biyu ke karantawa. A sira an ruwaito cewa gab da Yaƙin Badar sahabbai sun kama masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa. Da suka ce su na rundunar Ƙuraishu ne sai aka doke su, domin sahabbai sun fi son su ji labarin ayarin Abu Sufyan, da dukan ya yi zafi suka ce su na ayarin ne, sai aka ƙyale su. Manzon Allah (SAW) yana idar da salla ya nuna musu cewa sun doki mutanen a lokacin da suka faɗi gaskiya, sun bar su a lokacin da suka yi ƙarya. Sannan ya tambaye su raƙuma nawa ake sokewa kullum, suka ce tara ko goma, ya ƙiyasta rundunar tsakanin 900 da 1,000. Tambaya cikin hikima ta fitar da abin da duka ya kasa fitarwa. Bayan yaƙin kuma ya ƙi amincewa a cire haƙoran Suhailu bn Amr, fursunan da ya shahara da zuga mutane da bakinsa.

Duk da haka malamai sun yi saɓani, kuma bai dace a ɓoye shi ba. Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da wata ruwaya ta Khaibar wajen halatta matsa wa wanda alamu masu ƙarfi suka nuna yana ɓoye abu. Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam ya bi rabon waɗanda ake tuhuma zuwa mutumin kirki da wanda ba a san halinsa ba da wanda ya shahara da ɓarna, inda aka sassauta a kan na ƙarshe. A ɗaya ɓangaren, Mudawwana ba ta ɗaukar iƙirarin da aka samu ta hanyar tsoratarwa, kuma Imam Ghazali a Mustasfa ya ƙi yarda a doki wanda ake tuhuma da sunan maslaha, bisa dalilin cewa kuɓutar mai laifi ta fi sauƙi a kan dukan marar laifi. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, har masu sassautawar suna magana ne a kan mutum ɗaya sananne, a gaban alƙali, tare da alama bayyananniya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da ke tabbata a ɗakin tambaya na soja, inda mai kamu shi ne mai tuhuma, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa.

6.0 Halattawa da Sassautawa

Bayan 2001 Amurka ta sake bin wannan tafarki, har ma'aikatar tsaronta ta nuna wa jami'anta fim ɗin Gillo Pontecorvo na 1966 a kan yaƙin Aljiyas a 2003. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawa da aka fitar a Disamban 2014 ya ce daga cikin mutum 119 da hukumar CIA ta tsare, aƙalla 39 sun fuskanci tsauraran hanyoyin tambaya, aƙalla 26 kuma an tsare su bisa kuskure, ya kuma yanke cewa hanyoyin ba su zama ingantacciyar kafar samun bayani ba, ko da yake hukumar ta musa wannan. Ibn al-Shaykh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, ya faɗi cewa Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida, maganar ta shiga jawabin Colin Powell a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, daga baya ya janye ta.

Nijeriya ma tana da nata kason. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana azabtarwa, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ba tare da togaciyar yaƙi ba. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta yi zargin cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja a rikicin Arewa maso Gabas, zargin da rundunar soja ta ƙaryata. Waɗanda aka kama a can ba fursunonin yaƙi ba ne a ƙunƙuntacciyar ma'anar doka, amma Sashe na 3 na yarjejeniyoyin Jeniba ya rufe su kamar yadda ya rufe kamammun Kasba.

Saura mutumin da ya tsinci kansa a matsayin Teitgen ya zaɓi akasin abin da Teitgen ya zaɓa. A nan akwai bambanci tsakanin a halatta aiki tun kafin a yi shi da a sassauta wa wanda ya riga ya yi. A 2002 mataimakin shugaban 'yan sandan Frankfurt a Jamus, Wolfgang Daschner, ya sa aka yi wa wanda ya sace wani yaro barazanar azaba, yana zaton yaron na da rai. Mutumin ya faɗi wurin, aka tarar tuni ya kashe yaron. A 2004 kotu ta sami Daschner da laifi, ta kuma yi masa hukunci mafi sauƙi saboda niyyarsa. Sassauci irin wannan yana duban mutum ɗaya bayan an baje hujjoji a fili. Izini kuwa, ko na alƙali ne kamar yadda Dershowitz ya so, yana bukatar ƙwararrun masu azabtarwa da wurin horar da su da likitan da zai tsaya a kansu da kayan aiki a ajiye, kuma hukumar da ta tanadi wannan duka ba za ta zauna jiran bam ɗin da ƙila ba zai zo ba a shekara goma. Saboda haka amsar da shaidu suka fi ƙarfafawa ita ce babu halin da ya dace doka ko rundunar soja ta halatta azabtar da kamamme.

A Faransa ba a kai ga ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin dokokin afuwa na 1962 da 1968 sun rufe ƙofar shari'a. Massu, wanda ya kare azabtarwa a littafinsa na 1971, ya shaida wa Le Monde a 2000 cewa da an so da an yi aikin ba tare da ita ba. Janar Paul Aussaresses ya amsa a 2001 cewa shi ya jagoranci kashe Ben M'hidi da Boumendjel, bai kuma nuna nadama ba. Kotu ta ci shi tarar yuro 7,500 a 2002 saboda ya yabi laifin yaƙi a rubuce, kisan kansa kuwa afuwa ta riga ta shafe shi. A ranar 13 ga Satumban 2018 Shugaba Emmanuel Macron ya je gidan matar Maurice Audin ya amsa cewa mijinta ya mutu ne ta dalilin tsarin kame da azabtarwa da hukuma ta kafa. Ta rasu a Fabrairun 2019, kuma har yau ba a gano inda aka binne shi ba.